GUDUN DOGON ZANGO: CIWUKAN DA YA KAN JAWO DA YADDA A KE MAGANCE SU

Yara, gudu iri biyu ne. Akwai gajeren gudu, kamar na mita 100, wanda a ke gamawa nan da nan. Akwai kuma gudun dogon zango, na kilomita 3, ko 5, ko 10, ko fiye. Mafi shahara a cikinsu shi ne maraton, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Daga Maraɗi zuwa Tsibiri kamar kilomita 12 ne. Ke nan mai gudun maraton kamar ya je Tsibiri ne ya dawo, ya sake zuwa, kana ya yi rabin hanyar dawowa. Ƙasarmu Nijar ma tana da masu wannan gudu. Abdu Manzo ya wakilce ta a maraton na wasannin Olampik da aka yi a Seul a 1988.

Maraton na manya ne. A yawancin manyan gasa ba a barin wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. Amma mu ma muna tsere a makaranta, yayyenmu masu shirin shiga soja ko jandarma kuma suna gudu da asuba a bakin hanya. Gudu yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙashi. Sai dai yana iya jawo ciwo. Hausawa sun ce jiki magayi. Kafin ciwo ya yi tsanani, jiki ya kan faɗa wa mai shi. Wanda ya saurara ya tsaya da wuri, ƴan kwanaki sun ishe shi warkewa. Wanda ya ɓoye don kada a cire shi daga tsere, ya kan yi watanni yana ɗingishi.

1. Abin da ke samun ƙafa in ana gudu

A cikin kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26. Jijiyoyi ne ke ɗaure su da juna, tsoka kuma ita ke motsa su. Duk sa'ad da mai gudu ya dira ƙafa a ƙasa, tana ɗaukar nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku. Yaro mai nauyin kilo 35, ƙafarsa tana ɗaukar kilo 70 zuwa 105 a kowane taku. A kilomita ɗaya kuwa ya kan yi taku wajen 1000. Ku lissafa na kilomita 3 ku gani.

Jiki yana iya sabawa da wannan nauyi, amma sannu a hankali. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Ƙashi da jijiya su ne masu nawa. Shi ya sa yaro ya kan ji numfashinsa ya yi daidai, ya ƙara nisa, alhali ƙafafunsa ba su shirya ba. Yawancin ciwukan gudu daga wannan gaggawa su ke fitowa.

Ƙasar da a ke takawa ita ma tana da nata rabo. A yankinmu iri uku gare mu. Akwai kwalta, kamar ta cikin garin Maraɗi da ta hanyar Tsibiri. Tauri gare ta, tana wahalar da ƙwauri da gwiwa. Akwai rairayi, mai laushi, amma ƙafa tana nutsewa cikinsa, sai agara da sha-raɓa su gaji. Akwai kuma hanyoyin gonaki da fadamar gulbi, kamar na wajen Jiratawa inda a ke noman rani, masu kunya da ramu da magudanan ruwa. A nan ne a ka fi yin targaɗe da taka ƙaya.

2. Bororo

Bororo ƙurji ne mai ruwa da ke fitowa inda takalmi ke gugar fata. Sabon takalmi, ko matsattse, ko wanda ya yi wa mutum yawa, ko wanda rairayi ya shiga, duk suna kawo shi. Ko manyan ƴan wasa bai bari ba. Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya gwada sababbin takalma kafin maraton na Olampik a birnin Rum a 1960, ba su yi masa daidai ba, sai ya yi gudun ba takalmi, ya kuma zo na ɗaya. Amma ku lura, ƙafarsa ta daɗe da sabawa da haka. A Tokyo a 1964 ya sake cin gasar, wannan karo da takalmi.

Ga yadda a ke yi da bororo. In ƙarami ne kuma bai fashe ba, a bar shi. Fatar da ke kansa ita ce marfinsa, tana hana ƙwayoyin cuta shiga. A rufe shi da filasta ko ƙyalle mai tsabta. In ya fashe da kansa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a ɓare fatar, a rufe, a riƙa canza ƙyallen kullum. Kada a huda shi da ƙaya ko da tsohuwar reza. In wurin ya yi ja, ya yi zafi, ko ya fara mugunya, sai a tafi gidan likita.

3. Ƙaya da yanka da ƙujewa

Mai gudu ba takalmi yana gamuwa da tsidau, da ƙarangiya, da ƙayar aduwa, da fasasshiyar kwalba, da ƙusa. Wanda ya faɗi a kan tsakuwa kuma ya kan ƙuje gwiwa ko tafin hannu.

Mai taimako ya fara wanke hannunsa. In jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har ya tsaya. Sa'an nan a wanke raunin sosai da ruwa da sabulu, har duk ƙasar da ta shiga ta fita. Wankewa tana da zafi, amma ita ce babban magani. In ana ganin kan ƙaya, a cire ta da matsefata mai tsabta. In ta karye a ciki, ko kwalba ce ta shige da nisa, kada a yi ta tono, aikin likita ne.

Kada a zuba wa rauni ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin man mota. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar cutar tetanos ta ke zaune. Ita ce cutar da ke sarƙe haƙora ta sandare jiki, tana kuwa kisa. Ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙusa da ƙaya. Saboda haka wanda ƙusa ta soke shi ya je gidan likita a ranar, a duba ko yana bukatar allurar rigakafi, ko da raunin ba ya zafi.

4. Targaɗe

Targaɗe ya kan faru sa'ad da ƙafa ta gurɗe a rami ko a kan kunya. Jijiyoyin da ke riƙe idon sawu sai su miƙe fiye da kima, ko su ɗan yage. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya yi baƙi saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata.

Abubuwa huɗu a ke yi a kwana biyu na farko:

Hutu. A daina gudu nan take. Ba jarumtaka ba ce a ƙarasa tsere a kan targaɗe.

Sanyi. A naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Kada a ɗora ta kai tsaye a kan fata. Inda babu ƙanƙara, a tsoma ƙafar cikin ruwan randa mai sanyi.

Ɗauri. A naɗe idon sawun da bandeji ko dogon ƙyalle, a faro daga wajen yatsu a yi sama. Kada a matse. In yatsu sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko mai ciwon ya daina jin su, a kwance nan da nan.

Ɗagawa. Mai ciwon ya kwanta a tabarma, a ɗora ƙafar bisa matashi ko kujera, ta fi ƙirjinsa tudu. Haka kumburin zai sauka.

A waɗannan kwanaki biyu kada a murza wurin da ƙarfi, kada a ja ƙafar, kada a gasa ta da ruwan zafi. Duk waɗannan ƙara kumburi su ke yi. Bayan kwana 2 ko 3, in zafin ya ragu, sai a fara motsa ƙafar a hankali, a riƙa takawa kaɗan kaɗan. Dogon kwanciya yana sa gaɓa ta ƙage. Ƙaramin targaɗe ya kan warke cikin sati 1 zuwa 3, babba kuwa ya kan kai sati 6 ko fiye. Ba a komawa tsere sai an iya tsalle a kan ƙafar ba tare da zafi ba.

To, yaya a ke bambanta targaɗe da karaya? Ga alamun da ke sa a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba: mai ciwon ya kasa yin taku huɗu, ƙafar ta karkace, in an danna kan ƙashin kansa sai ya yi ƙara. Maɗora sun daɗe suna aiki a garuruwanmu, amma ido ba ya ganin cikin ƙashi. Ƙashin yaro yana da wuri mai taushi kusa da gaɓa, ta nan ya ke girma. In wurin ya tsage aka ɗaure shi a karkace, ƙafar tana iya girma a karkace. Ɗauri mai tsanani kuma yana hana jini gudana, har ƙafa ta lalace. A babban asibitin Maraɗi ana ɗaukar hoton ƙashi. A fara ganin hoton tukuna.

5. Ciwukan da ke zuwa sannu sannu

Targaɗe farat ɗaya ya ke zuwa. Akwai kuma ciwukan da ke taruwa kullum kaɗan kaɗan, su ne kuma yara suka fi ɓoyewa.

Ciwon ƙwauri. Zafi ne da ke bin gefen ƙashin ƙwauri ta ciki. Ya fi kama wanda ya fara gudu a kan kwalta, ko ya ƙara nisa da sauri. A rage gudu ko a dakata sati 2 zuwa 4, a riƙa sa sanyi, in an koma a nemi ƙasa mai laushi. In zafin ya tsaya wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana nan ko ana tafiya kawai, mai yiwuwa ƙashin ne ya fara tsagewa. Wannan sai likita.

Ciwon gwiwa. Wasu su kan ji zafi kewaye da ƙoƙon gwiwa, musamman in suna gangara ko sun daɗe a tsugune. Yara masu shekara 10 zuwa 15 kuma su kan sami wani ɗan tudu mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, domin ƙashinsu yana saurin tsawo, jijiya tana jansa. Ba mugun abu ba ne, ya kan wuce in girma ya kammala. A rage gudu da tsalle har zafin ya lafa. Amma gwiwar da ta kumbura, ko ta ƙi miƙewa, ko ta zo da zazzaɓi, a kai ta asibiti.

Ciwon agara da diddige. Agara ita ce babbar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige. Gudu cikin rairayi mai zurfi da hawan tudu suna gajiyar da ita. Alamarta ita ce zafi da tauri da safe, a takun farko. A huta, a sa sanyi, a sa takalmi mai ɗan tudun diddige. In zafin ya ragu, a tsaya a riƙe bango, a riƙa ɗaga diddige a hankali ana saukewa, sau 10 zuwa 15, don jijiyar ta yi ƙarfi.

Ga doka ɗaya da ta shafi dukansu: ciwon da ke sa ɗingishi, ko wanda ke ƙaruwa in ana gudu, ko wanda ya wuce sati biyu bai ragu ba, ba a gudu a kansa. Amma tsamin jiki da a kan ji kwana ɗaya ko biyu bayan gudu ba rauni ba ne, da kansa ya ke wucewa.

6. Ɗaurewar tsoka da sukar kwiɓi

Wani lokaci tsokar sha-raɓa ko ta cinya ta kan ɗaure ta yi tauri kamar dutse. Gajiya ce ke kawo haka, zafi da yawan zufa kuma suna ƙara shi. A tsaya, a zauna, a miƙe ƙafar, a jawo yatsu wajen ƙwauri a hankali, a riƙe har tsokar ta saki. Sa'an nan a sha ruwa.

Sukar kwiɓi kuwa zafi ne a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta fi kama wanda ya cika ciki da tuwo ko fura ya tashi gudu. A rage sauri, a danna wurin da hannu, a ja dogon numfashi. Don a kauce mata, a bar awa 2 tsakanin cin abinci mai nauyi da gudu.

7. Bugun zafi

Yawancin ciwukan da muka ambata ƙafa su ke kamawa. Wannan kuwa rai ya ke ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi ya kan wuce digiri 40 da rana. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, kuma tsoka mai aiki tana ƙara masa zafi. Zufa ce ke sanyaya shi. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa, ko fiye, cikin awa guda. Ko gwanayen duniya zafi yana kayar da su. A gasar duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar a 2019, da tsakar dare aka fara maraton na mata don gudun rana, duk da haka daga cikin 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba.

Matakin farko shi ne galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, zufa mai yawa. A kai mutum inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a kwance masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwa kurɓi kurɓi. Ruwan gishiri da sukari ya fi: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuwa ƙunshin da a ke samu a gidan likita. In bai ji sauƙi ba bayan minti 30, a kai shi asibiti.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi kansa. Jiki ya yi zafi ƙwarai, mutum ya rikice, ya riƙa tangaɗi ko sambatu, ko ya yi faɗa ba dalili, ko ya suma. Wannan ba iska ba ce, ba kuma shegantaka ba ce. Ƙwaƙwalwa ce zafi ya taɓa. Wani ya ruga ya kira malam ya nemo mota. Sauran su yi ta kwara masa ruwa mai sanyi daga kai har ƙafa, suna yi masa fifita, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen zane a wuya da hamata da matsematsi. Sanyaya jiki shi ne na farko, a kuma ci gaba da shi a kan hanyar asibiti. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa a baki, domin zai shaƙe.

8. Wanda bai kamata ya yi gudu ba

Mai zazzaɓi, ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ko mai zawo, kada ya yi tsere. Mai ciwon sikila, da mai asma, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana wasa, iyayensu su sanar da malam, likita kuma ya faɗi irin wasan da za su iya. Mai azumi kada ya yi dogon gudu da rana.

Kada kuma a sha magani don a ɓoye ciwo a yi gudu. Wasu samari su kan sha tramol wai don ƙarfi. Tramol ba ya gyara ƙashi ko jijiya, jin zafin kawai ya ke daushewa, sai mutum ya ƙara ɓata wurin bai sani ba. Yana kama jiki ya zama jaraba, yana kuma sa farfaɗiya. Magungunan da a ke tallansu a faranti cikin rana ba abin amincewa ba ne. In ana bukatar maganin zafi, babba ya ba da parasetamol gwargwadon yadda likita ya ce. Ba a ba yara asfirin sai da izinin likita.

9. Rigakafi ya fi magani

Sannu ba ta hana zuwa. A fara da gudu haɗe da tafiya, a riƙa ƙara nisa kaɗan kowane sati. Masu horarwa su kan ce kada ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na satin da ya gabata. A bar kwana ɗaya na hutu tsakanin dogon gudu da wani. Kafin a fara, a yi sassarfa minti 5 zuwa 10 don jiki ya ɗumama. A yi gudu da sassafe ko da la'asar sakaliya. A sha ruwa kafin gudu da bayansa, gwargwadon ƙishirwa. In fitsari ya yi ja kuma ya yi kaɗan, jiki yana neman ruwa ke nan. A yanke farce, a kakkaɓe takalmi, kada a fara sa sabo ranar tsere. A bakin kwalta a bi gefen da a ke fuskantar motoci masu zuwa, kada kuma yaro ya tafi shi kaɗai.

MU RIƘE

Jiki magayi ne: in ya yi magana, a tsaya a faɗa wa malam ko iyaye.
Rauni: ruwa da sabulu, ba ƙasa ba, ba toka ba.
Targaɗe: hutu, sanyi, ɗauri, ɗagawa.
Wanda ya kasa taku huɗu, a ɗauki hoton ƙashinsa.
Wanda ya rikice cikin zafi, a sanyaya shi nan take, a kai shi asibiti.

TAMBAYOYI

1. Don me ƙafa ta kan yi ciwo alhali numfashi bai gaji ba?
2. Wane ciwo a ka fi samu a kan kwalta, wane a rairayi, wane a hanyar gona?
3. Me ya sa ba a ɓare fatar bororo?
4. Faɗi alamu uku da ke nuna karaya.
5. Mene ne bambancin galabaita da bugun zafi?
6. Yarinya mai nauyin kilo 30 tana gudu. Kilo nawa ƙafarta ke ɗauka a kowane taku?
7. Wani yaro ya yi kilomita 10 a wannan sati. Kilomita nawa ya kamata ya tsaya a kai a sati mai zuwa?

AIKI

Ku kasu biyu biyu. Kowa ya naɗe idon sawun abokinsa da ƙyalle, malam ya duba ko ɗaurin ya yi daidai. Sa'an nan ku zana hanyar da ke tsakanin makarantarku da gidan likita mafi kusa, ku rubuta minti nawa a ke yi a ƙafa, ku manna a bangon aji.